Faifan bikin yayata na 2009 ya ƙi shiga montaj, ga hoto babu murya

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan grup, barkanmu da warhaka. Don Allah taimako nake nema, yau kwana uku ina fama. Akwai faifan DVD na bikin yayata da aka yi a 2009 nan cikin Birni, a ciki akwai inda marigayi babanmu, Allah ya jiƙansa, yake yi wa amarya nasiha a zaure kafin a kai ta, kamar minti shida. Innarmu ce ta tuna da shi ran Juma'a ta ce in sa mata a waya tana son jin muryarsa. Na samo faifan a ƙasan akwatinta naɗe cikin ɗankwali. In na buɗe da VLC, manhajar kunna bidiyo, yana yi, ga hoto ga murya, amma da na ja fishiyen, wato fayil ɗin, cikin lojisiyel ɗin da nake montaj da shi, manhajar yanka da haɗa bidiyo, sai hoto kawai ya fito, bakin baba na motsi amma shiru, layin sauti wayam. Kuma akwai wasu ƙananan faifai guda uku na kamerar kawuna, su kam ordi, wato kwamfuta, na nuna babu komai a cikinsu har yana tambayata ko zan yi formataj, wato in share su a sake shirya su. Mai ilimin abin nan ya taimaka.

Na Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam. KAR KA YI FORMATAJ. Cire ƙananan nan ka ajiye tukunna, sauran magana daga baya.

Ɗan Magarya:
Ni ban ga abin wahala ba ƙanena, tunda VLC na yi ka kunna shi ka ɗora waya gaban ekran ka ɗauka, minti shida ne fa. Ko ka shiga intanet akwai shafuka da yawa da ake loda bidiyo su juya maka shi MP4 kyauta, ni haka nake yi.

Mai Studiyo Zango:
Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kafin komai faɗa mini, daga kan faifan kake jan fishiyen kai tsaye zuwa montaj ko ka kwafe shi cikin ordi?

Ɗan Birni:
Amin Alhaji, na gode. Daga kan faifan ne.

Mai Studiyo Zango:
To daina daga yanzu. Faifan da ya shekara goma sha yana kwance a ɗaki, ya sha zafin watan huɗu da na biyar na Damagaram, ya sha ƙurar hunturu, ba abin da za a yi ta juyawa ba ne sa'a da sa'a. Wanda muke gasawa a studiyo ba irin na kamfani ba ne da ake bugawa da injin, namu wani rini ne a ciki laza ke ƙonawa, kuma rinin nan zafi da rana na cinye shi a hankali. Na sha ganin faifai ya yi yau, gobe ya tsaya a tsakiya. Ka buɗe shi za ka ga dosiye, wato folda, mai suna VIDEO_TS, ka kwafe shi gaba ɗaya cikin ordi, kar ka zaɓi manyan fishiye ka bar ƙanana. Ka yi kwafi na biyu a kile USB ko disk na waje. Daga nan ka mayar da faifan gidansa, duk wani gwaji a kan kwafi za a yi shi.

In ya ƙi kwafuwa ka duba ƙasansa, ka goge da tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, miƙe, ba zagaye ba.

Mushe Anformatik:
Abin da Alhaji ya ce shi ne farko. Bari in ɗan buɗe maka cikin dosiyen don ka san me kake kallo. Za ka ga fishiye iri uku. Masu IFO su ne kamar jadawali, su ke faɗa wa lektar, na'urar karanta faifai, ina babi ya fara ina ya ƙare. Masu BUP kwafin IFO ne na ko-ta-kwana. Masu VOB su ne naman, hoto da murya duk suna ciki. VTS_01_0.VOB galibi menu ne, fim ɗin kansa daga VTS_01_1.VOB yake farawa, sai _2, _3 haka. Hoton MPEG-2 ne, muryar kuma yawanci AC-3 ce, wadda ake kira Dolby Digital, wani lokaci MP2 ko PCM.

To matsalarka a AC-3 ɗin nan take. VLC yana tafe da kayan karatunsa a cikinsa, shi ya sa yake jin muryar. Lojisiyel na montaj da yawa kuwa aro suke yi wajen Windows. Misali lojisiyel ɗin Premiere tun fitowar ƙarshen 2017 ya daina zuwa da nasa mai karanta Dolby, ya koma dogara da na Windows, sannan Windows 11 daga sigar 24H2 shi ma ba ya zuwa da shi in sabon sakawa aka yi. Ka ga in an haɗa biyun, hoto zai zo murya ba za ta zo ba. Muryar babanka tana nan daram, ba abin da ya same ta.

Ɗan Birni:
Alhamdu lillahi. Wallahi Mushe hankalina ya kwanta, na ɗauka ni na lalata wani abu. Na kwafe, VOB guda huɗu ne, uku girmansu ɗaya kusan jiga guda-guda, na huɗun ƙarami. Nasihar baba tana daidai ƙarshen na biyu ta shiga farkon na uku.

Mushe Anformatik:
Haka tsarin DVD yake, VOB ɗaya ba ya wuce jiga 1, in ya cika sai a datse a ci gaba a na gaba, kuma datsewar ba ta duba ko mutum na tsakiyar magana. Shi ya sa in ka jera su ɗaya bayan ɗaya a montaj za ka ji ɗan tsalle a mahaɗa, wani lokaci murya ta zame daga baki. Ka haɗe su tukunna. Shiga dosiyen, buɗe cmd, baƙin ekran ɗin rubuta umarni na Windows, ka rubuta

copy /b VTS_01_1.VOB+VTS_01_2.VOB+VTS_01_3.VOB+VTS_01_4.VOB duka.vob

wannan ɗinki ne kawai, ba ya taɓa ingancin hoto. Amma kar ka yi shi a kan kile mai tsarin ajiya FAT32, fishiye ɗaya ba ya wuce jiga 4 a kansa, faifan DVD mai shafi ɗaya kuwa yana kai 4.7.

Ɗan Magarya:
Kai Mushe kun cika tsawaita abu. Yaro na son minti shida ya kai wa tsohuwa kun sa shi rubuce-rubuce a baƙin ekran. Shafin intanet danna biyu ne.

Maman Biyu Garin Malam:
Yayana na Magarya ka yi haƙuri, ni dai a nan ban yarda da kai ba ko kaɗan. Bidiyon biki ne fa, akwai ranar lalle, akwai mata a tsakar gida ba mayafi suna rawa tsakaninsu, matan da yanzu duk suna gidajen mazajensu da ƴaƴa manya. Ka ɗauka ka loda wa wani shafi da ba ka san mai shi ba, ba ka san ƙasar da yake ba, ba ka san ko zai goge ba. Mu mata mun san abin da yake faruwa in hoton mutum ya fita, ba ya dawowa. Ni faifan aurena ko studiyo ban yarda in bari ya kwana ba, zaunawa na yi a kujera har aka gama kwafa aka miƙo mini.

Na Kasuwar Dole:
Ga kuma forfe, kuɗin intanet. Jiga huɗu za ka loda da koneksiyon ɗinmu, kurant, wato lantarki, ya ɗauke a tsakiya ka sake daga farko.

Ɗan Magarya:
Maganar mata gaskiya ce Hajiya, ban kawo wannan a raina ba, ni bidiyon kokowa na saba juyawa. Amma ɗauka da waya fa, me ye laifinsa?

Mai Studiyo Zango:
Laifinsa muryar. Abin da inna ke so murya ce, kai kuma za ka ɗauko ta daga ɗan lasifikan ordi, ga ƙarar fanka ga kabu-kabu na wucewa a waje. Dattijo yana magana a zaure, dama can makirufon kamera ne ya ɗauka daga nesa, in ka sake rage ta me ya saura. Da babu wata hanya sai a ce da hanau gara mannau, amma ga hanya a buɗe.

Mushe Anformatik:
Mai gudun baƙin ekran ga HandBrake, lojisiyel ne na juya bidiyo, kyauta ne, kuma a cikin ordi yake aiki ba ya tura komai waje. Ka nuna masa dosiyen VIDEO_TS kawai, shi zai karanta IFO ya haɗe VOB ɗin da kansa, ya fitar maka da MP4 mai H.264 da murya AAC, wanda kusan kowane lojisiyel na montaj da kowace waya ke karɓa. Abu uku ka kula. Yawan hoto a dakika ka sa shi tsayayye, kar ka bar shi mai canzawa, don mai canzawa shi ke sa baki da murya su rabu a montaj. Lambar inganci RF ka sa 18 ko kusa, ƙaramar lamba ita ce hoto mai kyau. Sai na uku, maganar layi-layi.

Ɗan Birni:
Yauwa Mushe dama zan tambaya. In mutum ya ɗaga hannu ko makaɗi na dukan kalangu sai in ga gefen hannun ya yi haƙora-haƙora kamar matajin kai. Faifan ne ya lalace?

Mai Studiyo Zango:
A'a, haka aka ɗauke shi. Kamerorinmu na wancan lokaci don tsohuwar talabijin mai ƙugu aka yi su. Kowane hoto rabi biyu ne, layukan mara sai layukan cika, ana ɗaukar rabin farko sai na biyu bayan ɗaya bisa hamsin na dakika, talabijin ta nuna su bi da bi ido bai gani. Ekran na ordi da waya kuwa haɗa rabin biyu yake ya nuna lokaci guda, to duk abin da ya motsa tsakanin rabin farko da na biyu sai ya fito da haƙora. A HandBrake akwai wurin tacewa, ka zaɓi Yadif ko Bwdif. In ka sa shi a Bob zai mayar da kowane rabi cikakken hoto, ka samu 50 a dakika maimakon 25, motsi ya yi sumul kamar yadda muke gani a talabijin da. Ni na bikin da akwai rawa ko hawan doki kullum 50 nake yi, kafafun dawaki a ƙofar fada in ka bar su a 25 bayan tacewa wani tsalle-tsalle suke.

Kuma ka duba faɗin. DVD namu 720 ne a 576, amma ɗigon hotonsa ba murabba'i ba ne, in 4:3 ne a ekran daidai yake da 768 a 576, in 16:9 ne 1024 a 576. Wani lojisiyel ba ya gane wannan sai ka ga amarya ta rame ta yi tsawo ko ango ya baje. Kuma don Allah in 4:3 ne ka bar shi 4:3 da baƙi a gefe, kar ka ja shi ya cika ekran.

Ɗan Magarya:
To tunda ana gyara, me zai hana ya sa shi a irin manhajojin nan na AI su ɗaga shi ya koma HD, fuskar baba ta fito tas?

Maman Biyu Garin Malam:
Wani ɗan ƙanwata ya yi wa hoton kakarmu haka. Da ya kawo mun ga mace kyakkyawa amma ba ita ba ce, tsagen fuskarta na gado ya shafe shi gaba ɗaya ya mai da kumatu sumul, idon ma ya canza. Mahaifiyarmu kallo ɗaya ta yi ta ajiye wayar.

Mushe Anformatik:
Dalili shi ne abin da babu a 720 a 576 babu shi, manhajar cike gurbi take da abin da ta saba gani a fuskokin wasu. Ga gini ko itace ba damuwa, ga fuskar mahaifi akwai. Ni ban hana gwadawa ba, amma a kwafi na uku, kuma na inna a kai mata na asali.

Mai Studiyo Zango:
A nan zan ɗan saɓa da Mushe kan HandBrake ma. Don waya ya yi. Amma in montaj na gaske za ka yi, ka yanka ka gyara kala ka sake fitarwa, to ka matse hoton sau biyu ke nan a kan matsin da MPEG-2 ya riga ya yi masa, kuma bidiyon dare na biki da fitila ɗaya a kan kamera shi ya fi shan wahala, baƙin wuri duk ya zama dabbare-dabbare. Tunda lojisiyel ɗinsa na karɓar hoton, muryar kaɗai ya ƙi, ya ciro muryar daban ya mai da ita fishiyen sauti na WAV ya jera ƙarƙashin hoton. Hoto bai taɓu ba ko kaɗan.

Mushe Anformatik:
Gaskiya ne Alhaji, hanyarka ta fi tsabta in ta yi. Da FFmpeg, lojisiyel ɗin juya bidiyo da ake ba wa umarni a cmd, layi ɗaya ne

ffmpeg -i duka.vob -vn -c:a pcm_s16le murya.wav

Abin da ya sa ban fara da ita ba, faifan da aka ɗauka ana tsayawa ana ci gaba, agogon cikin fishiyen yakan koma baya a kowace tsayawa, to sai ka ga farko baki da murya sun dace, bayan minti arba'in murya ta riga baki. Wanda ya saba zai yanka ya daidaita, sabon hannu zai sha wuya.

Mai Studiyo Zango:
Wannan na ƙananan faifai ne da na lektar mai ɗauka. Na studiyo an riga an yi masa montaj an fitar da shi a jere, da wuya ya yi haka. Ya gwada tawa, in ta zame ya koma taka.

Na Kasuwar Dole:
To mu dawo kan ƙananan nan uku, su suka fi ba ni tsoro. Masu santimita 8 ne ko, jiga 1.4, na kamerori irin Handycam mai faifai, kusan minti 30 kowanne a ɗauka ta daidai. Abin da ke faruwa, in an gama ɗauka dole a shiga menu na kamera a rufe faifan, finalize ɗin nan, a lokacin ne kamera ke rubuta jadawalin da lektar da ordi za su karanta. Mutane da yawa ba su yi, tunda a kamerar yana nunawa sai su cire su jefa a durowa. Bidiyon na ciki, ƙofa ce ba a sa masa ba. Ka karkata ƙasan faifan a haske, in ka ga zobe mai duhu daga tsakiya ya yi waje to an rubuta. Kuma ka karanta abin da ke jikinsa, in RW ne formataj zai share shi, shi ya sa na yi maka ihu ɗazu.

Kamerar kawun naka tana nan?

Ɗan Birni:
Na duba, biyu DVD-R ne ɗaya DVD-RW, duk akwai zoben. Kamerar na nan wajensa a Mirya amma batirin ya mutu tun tuni.

Na Kasuwar Dole:
Batiri ba komai, dama da caja a jone ake rufewa, wasu kamerorin ma ba su yarda sai an jona. Abin da za ka kiyaye shi ne kurant, in ya ɗauke ana tsakiyar rufewa faifan na iya tafiya. Ka samu wurin da ke da sola ko ondular, na'urar da ke riƙe wuta in kurant ya ɗauke, ka ajiye kamerar a tebur kar a taɓa ta, yakan ɗauki mintuna, wanda ba a cika ba ma ya fi daɗewa. In kamerar ta ƙi tashi akwai IsoBuster, yana iya tono bidiyo daga faifan da ba a rufe ba, sai dai wasu ayyukansa na kuɗi ne. Kuma kar ka tura ƙaramin faifai a lektar mai tsaga irin mai haɗiya, zai maƙale, sai mai faranti da ke da ɗan gurbi a tsakiya.

In ka buɗe na RW ɗin ka ga babu VIDEO_TS sai DVD_RTAV da fishiye VR_MOVIE.VRO kar ka tsorata, wani tsarin ɗauka ne, cikinsa MPEG-2 ne shi ma, ka kwafe ka canza wutsiyar zuwa .mpg. Masu tsofaffin VCD irin waɗanda ake kawowa daga Kano a da su kuma MPEGAV za su gani da AVSEQ01.DAT, dabara ɗaya ce, sai dai shi 352 ne a 288, kar a sa rai da yawa.

Mai Studiyo Zango:
Ƙari ɗaya, ka duba jikin kamerar ko PAL aka rubuta, tsari mai hoto 25 a dakika, ko NTSC. Na gwanjo da suka fito daga Amurka NTSC ne, 720 a 480, hoto 29.97 a dakika. In ka zuba shi a aiki ɗaya da na bikin mai 25 ɗayansu zai riƙa ɗingishi. Kowanne ka yi masa nasa aikin daban.

Ɗan Birni:
Jama'a na dawo. Na bi ta Alhaji, na haɗe VOB na ciro WAV na jera, ya dace tun daga farko har ƙarshe bai zame ba, mahaɗar ma ba a jin komai. Na yanko minti shida da ƴan dakikoki, na ɗan ɗaga muryar, na fitar a 4:3. Bayan isha'i na kai wa inna, tana kan tabarma da carbi a hannu. Da baba ya yi gyaran murya irin nasa kafin ya fara magana sai ta ɗora hannu a baki, ta saurara har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in mayar farko. Sau uku muka ji. Yayata na tura mata can Agadas ita ma. Allah ya saka wa kowa da alheri, Alhaji, Mushe, Hajiya, yayana na kasuwa, har yayana na Magarya.

Maman Biyu Garin Malam:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan baba ya kai haske kabarinsa. Ka ce wa yayar taka kar ta sa a status.

Ɗan Magarya:
Amin. Mushe don Allah turo mini yadda ake saka FFmpeg ɗin nan a Windows, ina da faifan kokowa kusan goma.

Na Kasuwar Dole:
Ƙananan fa?

Ɗan Birni:
Asabar zan shiga Mirya in ɗauko kamerar da cajarta in Allah ya kai mu. Yaya in ba damuwa shagonka zan kawo mu rufe su tare, tunda kana da sola.

Na Kasuwar Dole:
Kawo da safe kafin rana ta yi zafi, ka zo da kile mai aƙalla jiga 8. Mu fara da DVD-R ɗin, na RW ya zama na ƙarshe.